Shin Sai Mutum Ya Iya Rubuta Manhaja Kafin Ya Amfana da Ƙirƙirarriyar Basira?

Malama_TudunWada:
Assalamu alaikum, 'yan uwa mazauna wannan zaure. Ina da tambaya ga waɗanda suka fi ni sanin harkar kwamfuta. Ni malamar firamare ce a nan Tudun Wada, kuma abin da na iya da waya bai wuce WhatsApp da tura kuɗi ba. A 'yan kwanakin nan ana ta yawo da tallar horo kan ƙirƙirarriyar basira, wato AI, manhajojin nan da ake yi wa tambaya su ba da amsa kamar mutum, kowane da kuɗinsa, sai wani ƙanena ya ce kada in ɓata kuɗina, domin wanda bai iya rubuta manhaja ba babu abin da zai tsinta a ciki. Shin gaskiya ne sai mutum ya koyi kodin, wato rubuta manhaja, kafin ya ci moriyar waɗannan abubuwa? Idan kuwa ba haka ba ne, daga ina mai shekaru irin nawa za ta fara?

Injiniya_Palladan:
Wa alaikumus salam, Malama. Ƙanen naki ya haɗe abubuwa biyu da ya kamata a rarrabe. Akwai ƙera waɗannan manhajoji, wanda lalle yana bukatar lissafi mai zurfi da harshen kwamfuta irin su Python da injuna masu tsadar gaske, kuma wannan aikin kamfanoni ne da masu bincike a jami'o'i. Akwai kuma aiki da su, wanda shi ne abin da kike nema. Abin da ya sa ChatGPT ya karaɗe duniya tun daga ranar 30 ga Nuwamba, 2022, lokacin da kamfanin OpenAI ya sake shi, shi ne an kawar da wannan shingen, mutum yana rubuta bukatarsa da harshen da yake magana da shi kullum, na'urar kuma ta ba shi amsa da wannan harshe. Haka Gemini na Google yake, haka Claude na Anthropic da Copilot na Microsoft, kuma kowannensu yana da ɓangaren da ake shiga kyauta. Tunda ma kin ambaci WhatsApp, akwai Meta AI a cikinsa a ƙasar nan tun 2024. Shawarata ita ce kada ki biya kowa ko kwabo tukuna. Ki ɗauki wani aiki da kike yi da hannu duk mako, ki gwada shi a can, ki ga abin da zai fito.

Baban_Ummi:
Na goyi bayan Injiniya. Kayan gini nake sayarwa a Sabon Gari, ban taɓa zama a ajin kwamfuta ba, amma yanzu da ita nake tsara wasiƙar Turanci zuwa ga masu kawo mini kaya daga Legas. Ina faɗa mata abin da nake so da Hausa, ta mayar da shi Turancin kasuwanci, ni kuma in karanta in gyara farashi da adadi.

Ɗalibin_Kwamfuta:
Da dukkan girmamawa ga iyayena da yayyena, ina ganin ana sauƙaƙa maganar fiye da kima. Gaskiya ne kowa zai iya buɗe manhaja ya yi mata tambaya, amma wannan ba sana'a ba ce, domin abin da kowa ya iya ba wanda zai biya ka a kansa. Idan dukkanmu muka tsaya a matsayin masu amfani, to kullum muna jiran abin da aka ƙera a Amurka da Sin, kuma ba mu da ta cewa a kan yadda aka ƙera shi. Garin da yake da Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli, bai kamata burin matasansa ya tsaya ga iya tambayar na'ura ba. Ina ganin abin da ƙanen Malama yake nufi ke nan, ko da yake bai faɗe shi yadda ya kamata ba.

Tsohon_Hedimasta:
Yaro, maganarka tana kan hanya, amma ba amsar tambayar da aka yi ba ce. Malama ba ta ce tana son canja sana'a ba. Tana da sana'arta, kuma sana'a ce mai daraja. Abin da take nema shi ne abin da zai rage mata wahalar rubuta shirin darasi da tambayoyin jarrabawa ga aji mai cike da yara. Kai da kake karanta kwamfuta, ƙerawar tana wuyanka, kuma muna yi maka addu'a. Ita kuwa a bar ta ta koyi abin da zai amfani ajinta.

Uwar_Khalifa_Tela:
Baba ya yi gaskiya. Malama, abin da na lura da shi shi ne wahalar ba ta danna waya ba ce, ta iya bayani ce. Mu teloli mun san wannan: idan mace ta ajiye mini yadi ta ce in ɗinka mata kaya, ba awo, ba ta faɗi ko na biki ba ne ko na zaman gida, duk abin da na ɗinka sai ta ce ba shi take so ba. To haka na'urar nan take. Idan kika rubuta mata cewa ta ba ki darasin lissafi, za ta kawo miki abin da ya dace da kowace makaranta a duniya, wanda ke nufin bai dace da taki ba. Amma ki gwada cewa: ni malamar aji huɗu ce a Zariya, yarana sun fi jin Hausa, ba mu da kayan koyarwa sai allo da alli, ina son darasin minti arba'in kan rabawa, a yi misalai da naira da abubuwan da ake sayarwa a bakin makaranta, a ƙara tambayoyi goma daga masu sauƙi zuwa masu wuya. Za ki ga bambanci. Idan abin da ta kawo bai yi miki ba, kada ki rufe ki sake sabon lale, ki ce mata ta rage tsawo, ko ta sauƙaƙa Turancin, ko ta cire misali na uku. A nan ake koyon abin, ba a wurin horo ba.

Malama_TudunWada:
Na gode ƙwarai, Maman Khalifa. Wannan bayanin ya shige ni. Sai dai ina fargabar abu guda, shin duk abin da ta faɗa daidai ne?

Lauya_Kongo:
A'a, Malama, kuma wannan ita ce tambayar da ya kamata a fara da ita. A shekarar 2023 wata kotun tarayya a birnin New York ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun gabatar mata da hujjoji daga shari'o'in da ba a taɓa yi ba. ChatGPT ne ya ƙago su, da sunayen masu ƙara da lambobin shari'a da kalaman alƙalai, komai tsaf, su kuma ba su bincika ba suka miƙa. Waɗannan mutane ne da suka yi shekaru suna aikin lauya, ba jahilai ba. Ni ina amfani da ita wajen taƙaita doguwar takarda ko gyara tsarin wasiƙa, amma duk wani sashe na doka ko hukuncin kotu da ta ambata sai na buɗe littafi na gani da idona.

Injiniya_Palladan:
Bari in ƙara a kan maganar Barista, domin sanin dalilin yana sa mutum ya san inda zai yi hattara. Waɗannan manhajoji ba rumbun amsoshi ba ne da ake buɗewa a ɗauko. An horar da su ne da rubuce-rubuce masu ɗimbin yawa, har suka ƙware wajen hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo bayan wadda ta gabata. Saboda haka idan kika tambaye ta abin da aka yi rubutu da yawa a kansa, yawanci za ta dace. Idan kuwa kika tambaye ta abin da rubutu ya yi ƙaranci a kai, kamar tarihin wata unguwa a cikin birni ko jerin hakiman wata gunduma, tana iya haɗa miki jimla mai daɗin karatu wadda babu gaskiya a cikinta, kuma da irin muryar tabbacin da take faɗin gaskiya za ta faɗe ta. Wasunsu yanzu suna leƙa intanet su nuna inda suka samo magana, wannan ya rage matsalar amma bai kawar da ita ba. Shi ya sa nake cewa wanda ya san aikinsa ya fi mai kodin amfana da ita a fagen aikin nasa. Malama za ta gane darasin da ya fi ƙarfin yaran aji huɗu da kallo ɗaya, ni kuwa da digirina ba zan gane ba.

Almajirin_Ƙofar_Doka:
Allah ya saka wa Injiniya da alheri. Ina so in ja hankalin 'yan uwa kan ɓangaren addini, domin a nan ne haɗarin ya fi girma. Na ga wani saƙo da ake yaɗawa a wani zaure, an kawo hadisi da lambarsa da sunan littafi, da muka duba littafin sai muka tarar babu shi a wurin, kuma wanda ya turo ya amsa cewa daga ɗaya daga cikin manhajojin nan ya kwafo. Jingina wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, abin da bai faɗa ba ba ƙaramin al'amari ba ne. Haka kuma rabon gado da hukuncin saki ba abubuwa ne da za a tambayi waya a zartar ba. Zariya ba ta rasa malamai ba, zaurukan karatu suna nan a cikin birni safe da yamma. Ban ce haramun ne amfani da ita ba, ni kaina ina neman taimakonta wajen fahimtar nahawun Turanci, amma ilimin addini ana ɗaukar sa ne daga bakin malami.

Hajiya_Kwarbai:
Allah ya gafarta Malam, wannan nasiha ta zo a kan gaɓa. Ina roƙon shugaban zaure ya maƙala ta a sama.

Manomin_Giwa:
Ni ta ɓangaren noma zan yi magana. Akwai manhaja mai suna Plantix wadda ake ɗaukar hoton ganye ta faɗi cutar da take zato, ba ka bukatar rubuta komai. Tun da tsutsar nan mai cin masara ta shigo ƙasar nan a 2016, manoma da yawa sun koyi cewa gane cuta da wuri shi ne rabin magani, kuma irin wannan manhaja tana taimakawa wajen nan. Amma a kan adadin maganin feshi da lokacin zuba taki, na fi yarda da malaman gona. Muna da Cibiyar Binciken Aikin Gona a Samaru, wadda ta fitar da irin masarar SAMMAZ da muke shukawa, ga kuma NAERLS, cibiyar wayar da kan manoma, kusa da ita. Su suka san ƙasarmu da damunarmu. Na'urar tana iya ba ka shawarar da ta dace da manomin Indiya, kai kuma ka kwashe ta ka zuba a gonarka ta Giwa.

Ɗalibin_Kwamfuta:
To ai maganar Baba Manomi ita ce hujjata. Me ya sa take ba da shawarar Indiya? Saboda ba mu muka ƙera ba, kuma ba bayananmu aka zuba mata ba.

Malamin_Hausa:
A nan kam ina tare da ɗalibinmu, amma ta wata fuska. Hausar da manhajojin nan suke rubutawa ta inganta sosai idan aka kwatanta da lokacin da Google Translate ya fara ɗaukar Hausa a 2013, sai dai har yanzu sau da yawa za ka ji ƙamshin Turanci a ƙarƙashin jimlar, kuma karin magana yana ba su wahala. Dalilin shi ne Hausar da ke intanet kaɗan ce idan aka auna da yawan masu jin harshen. Abin takaici ga mu Zazzagawa shi ne a garin nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, a nan Kamfanin Gaskiya ya yi shekaru yana buga littattafai, amma mafi yawan wannan dukiya tana kan takarda, na'ura ba ta taɓa ganin ta ba. Kuma gyaran wannan ba sai da kodin ba. Wanda ya iya rubuta Hausa daidai zai iya rubutu a Wikipedia ta Hausa, ko ya ba da muryarsa a shirin Common Voice na Mozilla, inda ake karanta jimloli ana naɗa domin na'urori su koyi jin harshen. Ƙungiyar Masakhane, wadda ke aiki kan harsunan Afirka tun 2019, ba injiniyoyi kaɗai ne a cikinta ba, akwai masu fassara da masana harshe. Malamar firamare mai kyakkyawar Hausa tana da gurbi a ƙerawar ita kanta.

Ɗalibin_Kwamfuta:
Na karɓi wannan, Malam. Amma dai a ƙarshe sai an sami wanda zai haɗa bayanan ya horar da na'urar, kuma ina so ya zama ɗan nan ne.

Nas_Hanwa:
Kafin a yi nisa, akwai abin da ba a taɓo ba. Malama, idan za ki nemi taimako wajen rubuta sakamakon jarrabawa ko bayanin halin ɗalibi, kada ki saka sunayen yara da na iyayensu da lambobin waya. Abin da aka rubuta a manhajojin nan yana tafiya ne zuwa kwamfutocin kamfanin, kuma wasu suna amfani da hirar wajen ƙara horar da na'urarsu sai in mutum ya shiga saiti ya kashe. Mu a aikin jinya sirrin majinyaci amana ce, kuma tun 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a a Najeriya. Ki rubuta ɗalibi na ɗaya, ɗalibi na biyu, ya wadatar. Haka kuma BVN da NIN da lambar sirrin banki ba su da abin yi a can.

Malamin_Jami'a:
Ni damuwata ta sha bamban da ta kowa a nan. Ba na tsoron mutane su kasa koyon abin, domin ɗalibaina sun koya ba tare da kowa ya koya musu ba. Tsorona shi ne abin da suke bari saboda shi. Ana kawo mini aikin gida mai Turanci sumul, amma idan na ce wa ɗalibi ya rufe takarda ya faɗa mini abin da ya rubuta, sai a yi tsit. Wasu abokan aikina sun dogara da manhajojin da ake cewa suna gano rubutun na'ura, alhali kuwa OpenAI da kansa ya janye tasa a watan Yuli na 2023 saboda ba ta dacewa yadda ya kamata, kuma zargin ɗalibi a kan hasashe zalunci ne. Abin da na koma yi shi ne tambayar baka. Injiniya ya ce wanda ya san aikinsa ya fi amfana, na yarda. To yaron da bai riga ya san komai ba fa, da me zai auna abin da aka ba shi?

Tsohon_Hedimasta:
Dakta, wannan tambayar taka ta fi ta farko nauyi. A zamaninmu an yi irin wannan gardama kan kalkuleta, aka tsaya a kan cewa sai yaro ya haddace jadawalin sau kafin a ba shi. Ban san inda za a ja layi a wannan karon ba, amma ba na jin firamare ce wurin da za a miƙa wa yaro.

Baban_Ummi:
A koma kan tambayar Malama, jama'a. Akwai kuma batun kuɗin data, wanda ya tashi tun bayan da hukumar NCC mai kula da kamfanonin sadarwa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a farkon 2025. Abin da na lura shi ne hira ta rubutu ba ta cin data sosai, bidiyo da hotuna ne suke cinyewa. Saboda haka wanda zai koya ta hanyar gwadawa ya fi mai kallon darussan bidiyo sauƙin aljihu.

Ɗalibar_3MTT:
Ga wanda yake son karatu mai tsari ba tare da ya biya ba, akwai hanyoyi. Shirin 3MTT na horar da jama'a kan fasahar zamani, na Ma'aikatar Sadarwa ta Tarayya, wanda aka ƙaddamar a 2023 ƙarƙashin minista Bosun Tijani tare da hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta NITDA, kyauta ne, kuma ba dukkan fannoninsa ne na rubuta manhaja ba. Akwai kuma Elements of AI da Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan ta fitar a 2018 musamman domin waɗanda ba su iya kodin ba, yawancinsa karatu ne ba bidiyo ba, sai dai da Turanci yake. Ban ce duk masu karɓar kuɗi macuta ba ne, wasu suna koyarwa tsakani da Allah. Amma kafin ki biya, Anti, ki tambayi mai horon abin da za ki iya yi a ajinki bayan an gama. Idan amsarsa ita ce za ki riƙa samun daloli daga gida, ki riƙe kuɗinki.

Hajiya_Kwarbai:
Ni kuwa ina ganin horo ido da ido yana da amfaninsa, musamman ga mu mata da muka manyanta. Ba kowa ne zai iya zama shi kaɗai da waya ya gano abu ba, wata ko buɗe asusun ma sai an nuna mata. Da za a sami 'yan mata irin wannan ɗiyar tamu su riƙa zama da mu a Islamiyya bayan an tashi, da an taimaki mutane da yawa.

Malama_TudunWada:
Na gwada yadda Maman Khalifa ta tsara mini, kuma darasin ya fito da kyau fiye da yadda na zata. Sai dai a cikin tambayoyi goman akwai biyu da suka fi ƙarfin aji huɗu, sannan farashin da ta sa wa ƙosai ya nuna ba ta san kasuwar yanzu ba, duk na gyara. Da na ce ta mayar da bayanin Hausa kuwa, sai da na sake rubuta kusan rabinsa, kamar yadda Malamin Hausa ya faɗa. Ban yanke shawara kan horon ba tukuna, domin maganar Hajiya ma abin dubawa ce. Ɗalibin Kwamfuta, ƙanen nawa ya karanta bayaninka ya ce kai kaɗai ka fahimce shi.

Ɗalibin_Kwamfuta:
Ki gaishe shi, Anti. Har yanzu ina kan bakana cewa a kowane gida ya kamata a sami wanda zai wuce matakin tambaya.

Ɗalibar_3MTT:
Hajiya, a shirye nake in zo ranar Asabar bayan la'asar idan shugabar Islamiyyar ta amince. A sanar da matan su zo da wayoyinsu da caji, kuma kowace ta zo da aiki guda da take son a gwada, ko lissafin adashi ne ko tallar kayan sana'arta. Ina bukatar mutum ɗaya ko biyu da za su taya ni, domin buɗe asusu kaɗai zai ci lokaci.

Manomin_Giwa:
Idan an gama da na mata, a duba mana yiwuwar na manoma kafin damuna ta faɗi. Wa zai iya zuwa Giwa ranar kasuwa?